Ni da tos ɗina: abun da nake rubutawa bayan kowane tirenin

Asabar, 7 ga Satumba

To yau dai na yanke shawara zan fara rubuta abun nan, don in ban rubuta ba haka zan ci gaba da yaudarar kaina wai sabis ɗina, wato bugun da ake fara kowane maki da shi, yana gyaruwa. Shekara huɗu kenan ina buga tanis, fohan ɗina (duka ta gefen hannun da ke riƙe raket) ba laifi, bakhan (duka ta ɗaya gefen) ma ina lallaɓawa da shi, amma sabis kam wallahi abun kunya ne. Da safen nan mun buga set biyu da abokin wasana, na ƙirga dabul folt 11, wato in ɓarar da sabis na farko da na biyu maki ya tafi, kusan gem uku kenan na naɗe na miƙa masa ko raket bai ɗaga ba, shi kuma sai murmushi yake yana cewa in ci gaba da alheri.

Muna tattara kaya sai wani dattijo da yake yawan zama a benci yana kallonmu, da ganin yanda yake riƙe raket ka san ya buga a zamaninsa, ya ce min "ɗana, ka daina zagin hannunka na dama, na hagun ne yake cin amanarka." Na ce Baba kamar yaya? Ya ce "ƙwallon da kake cillawa sama kai kanka ba ka san inda za ta ba, sai ta tafi kake bin ta. Ka ɗauki kanka a waya ka gani." Raina ya ɗan sosu gaskiya, don ni duk tsawon lokacin nan ƙarfin duka nake nema, ina ta kallon bidiyon John Isner da ya buga es, wato sabis ɗin da mai karɓa ko taɓa shi bai yi ba, har 113 a wasa ɗaya a Wimbledon a 2010 ina mafarki. Ko minti goma ban taɓa warewa tos, wato cilla ƙwallon sama kafin a doke ta, shi kaɗai ba.

Tsarin shine tos 50 kullum, ko a fili ko a gindin bango, kuma duk ranar da na buga wasa in ƙirga dabul folt in rubuta. Na ba kaina zuwa tsakiyar Disamba.

Talata, 10 ga Satumba

Na jingina waya da jaka a bayana, na buga sabis 20, na dawo na kalla a hankali. Kai. Ashe ma Baba ya rage min. A cikin 20 ɗin nan babu biyu da ƙwallon ta tashi wuri ɗaya, wata ta yi bayan ƙeyata in lanƙwashe kamar baka ina neman ta, wata ta gudu gaba in bi ta har in taka layi, wata ta yi dama can kamar fohan zan buga.

Abun da na gani a hannun hagun: a cikin tafin hannu nake dunƙule ƙwallon, to in za ta fita dole sai ta gangaro ta kan yatsu, shi ya sa take tashi tana juyi. Gwiwar hannu tana lanƙwashewa a rabin hanya, a ƙarshe kuma wuyan hannu ya yi wata fizga kamar mai yarfe ruwa. Kafaɗa ta sa baki, gwiwa ta sa, wuyan hannu ya sa, ga yatsu a kai, ta ina bakinsu zai zo ɗaya kullum?

Sai na ɗauki maka na ja baƙin layi ya zagaye ƙwallo ɗaya. In na cilla layin nake kallo, in ya tsaya cak ko ya ɗan motsa kaɗan to sakin ya yi, in kuwa yana wulwulawa kamar farfela to yatsu sun yi katsalandan. Na sauya riƙo, yanzu a kan yatsu take zaune, babban yatsa da uku na kusa da shi, hannun a ɗan karkace kamar na riƙe kofi, sai in buɗe su gaba ɗaya lokaci guda. Ƙwallon nan duka-duka giram 56 zuwa 59 ce, ɗan taɓi kaɗan ya isa ya sauya mata hanya.

Asabar, 14 ga Satumba

Yau ban doki ko ɗaya ba. Na tsaya a layin baya kamar zan yi sabis, na kwantar da raket a ƙasa, gindinsa a bakin yatsun ƙafata ta hagu, kansa yana cikin fili ya ɗan karkata dama, sai in cilla in bar ƙwallon ta faɗo, so nake ta sauka a kan zaren raket ɗin. A 50 na farko 9 na samu. Tara fa, kuma babu mai bugo min komai, babu abokin hamayya, ni ne da hannuna kawai.

Baba ya taso daga benci ya riƙe min gwiwar hannu ya miƙe ta, ya ce "ba jifa ake ba ɗana, ajiyewa ake, ka ɗauka akwai wata kanta can sama za ka ɗora ta a kai." Ya ce hannun ya tashi daga cinya a miƙe, kafaɗa kaɗai ke aiki, in saki daidai ido ko goshi, kuma bayan na saki hannun ya ci gaba da tafiya sama har sai kafaɗar ta kusa taɓa haɓata. Ya nuna min dalili kuma na gane nan take: tunda hannun zagaye yake yi, in na saki da wuri yana daidai ƙirji ƙwallon gaba za ta yi, in na makara har ya wuce kai baya za ta yi. Ashe duk gaba da bayan da nake fama da su maganar lokacin saki ce.

50 na biyu na samu 21. Kafaɗar hagu tana min zafi kamar na yi dako.

Lahadi, 22 ga Satumba

Satin nan maganar tsawo ce ta hana ni sakat. Ni dama mai cilla ƙwallo sama sosai ne, ina ganin kamar hakan yana ba ni lokaci, kuma ina da hujja ai, Steffi Graf haka take cillawa ta ci manyan gasa 22, Maria Sharapova ma haka take cillawa, Federico Delbonis na Ajantina kuwa in ya cilla sai ka ce kamara za ta rasa ta. A ɗaya ɓangaren ga irin su Roscoe Tanner da Goran Ivanisevic da Nick Kyrgios, su kafin ma ƙwallon ta gama tashi sun far mata, mai karɓa ko numfashi bai gama ja ba. To kowa da nasa, tambayar ita ce ni wanne zan iya.

Na zauna da kalkuleta na tuno ɗan fiziks ɗin da ya rage min a kai. In ƙwallon ta wuce inda zan doke ta da santimita 30, kafin ta dawo wurin tana saukowa da gudun kusan mita 2.4 a daƙiƙa. In ta wuce da mita ɗaya cur gudun ya kai 4.4. Ma'ana ɗan wurin nan na santimita 10 da nake son in same ta a ciki, a gajeren tos za ta yi kusan kashi 4 cikin ɗari na daƙiƙa a ciki, a dogon kuwa kashi 2 da ɗan ɗoriya. Sannan zaman da za ta yi a sama da wurin dukan, rabin daƙiƙa ne a na farko, a na biyun kusan daƙiƙa guda, duk lokacin nan iska na wasa da ita yanda ta ga dama. Graf ta iya saboda Graf ce, ni da nake zuwa fili sau biyu ko uku a sati ina zan kai wannan? Abu ɗaya da dogon tos yake da shi, ƙwallon da ke saukowa da gudu tana ƙara wa duka ɗan juyi na sama, amma gaskiya ribar ba ta kai asarar ba a wurina.

Akwai kuma wani abu da bidiyo ya tona min: saboda ƙwallon tana daɗewa a sama, ina zuwa na ɗaga raket na lanƙwasa gwiwa sai in tsaya cak ina jira, kamar gunki, duk ƙarfin da na tara ya tsiyaye kafin ta sauko.

Na je gindin bango na miƙa raket iya miƙewa na yi alama da alli, na ƙara kamar tsawon kan raket ɗaya na yi alama ta biyu. Tos ɗina ya tsaya tsakanin alamun nan biyu. Kwana biyu na farko ji nake kamar ana kora ta, komai da gaggawa, yanzu na fara sabawa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Iska yau kamar da ni take faɗa. Dabul folt 9 a set biyu. Abu ɗaya da zan ce, da tsohon tos ɗina ne da sai ta kai min ƙwallon filin da ke kusa. Ba ni da abun rubutawa, na gaji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun yi musu yau da wani sabon zuwa. Na cilla, na ga ta yi baya, na cafke abuna, sai ya ɗaga hannu wai folt. Na ce ina? Ya ce ai tunda ta bar hannuna sabis ya fara. Ba haka dokar take ba: in ka cilla ka fasa duka, ko ka cafke da hannu ko da raket ko ka bar ta ta faɗi ƙasa, babu folt. Inda folt yake shine ka kai mata duka ka kuskure ta. Sai da Baba ya sa baki daga benci sannan ya haƙura, amma har muka gama yana ƙunƙuni.

Abun da ya fi damuna ba musun ba ne, na lura ni ne nake jin kunyar cafkewa. Shekara huɗu ina dukan mugun tos don kar a ce na ɓata wa mutane lokaci, ina gani da idona ta karkace amma in kai mata duka, in yi folt, in zo ina zagin raket. Alhali Pat Rafter, wanda ya ci US Open a 1997 da 1998, an san shi da cafke tos ya ba abokin karawarsa haƙuri ya sake cillawa, kuma babu abun da ya ragu a jikinsa. Su manya yanzu akwai agogon daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, tun US Open na 2018 ake kafa shi a fili kowa na gani, ni kuwa wa yake riƙe min agogo?

Sabuwar doka: in ba ta yi ba, ba na duka. Yau na cafke sau 14, ya yi yawa na sani, wanda yake jira yana da haƙƙi shi ma, amma dabul folt ya sauko 5.

Talata, 15 ga Oktoba

Tunda tos ya fara jin magana, yau na shiga abun da dama shi nake ɗoki, wato sabis kala uku kowanne da inda ake ajiye masa ƙwallo. Ana kwatanta shi da agogo, ka ɗauka fuskar agogo ce a gabanka, ƙarfe 12 saitin kanka. Ni na dama ne, bahago sai ya juya komai. Riƙo kuwa kwantinental ne duka, irin riƙon guduma.

Filat: tsakanin 12 da 1, a cikin fili kamar taku ɗaya na ƙafa, don jiki ya faɗa kanta. Silais: ta ɗan ƙara yin dama wajen ƙarfe 1 zuwa 2, zaren raket ya shafi gefenta na dama, sai ta lanƙwasa hagu, daga ɓangaren dama tana jan mai karɓa ta fitar da shi daga fili. Wannan ya zo min da sauƙi har na yi mamaki, inaga don dama can tos ɗina dama yake gudu. Kik kuwa shine ɗan rigima, ƙwallon tana komawa wajen 11 zuwa 12, saman kai, in ka bar ta a kanka za ta sauka, sai ka goge ta daga ƙasa zuwa sama, daga 7 zuwa 1 a bayanta, ta haye raga da tazara ta nutse cikin akwatin da sabis yake sauka, in ta taɓa ƙasa ta yi tsalle sama da dama, daga ɓangaren hagu kai tsaye bakhan ɗin mutum. A 30 da na gwada, 4 ne suka yi wani abu mai kama da tsalle, sauran ko firam ko shinge.

Na kuma yi wani lissafi da ya kashe min jiki game da filat. Daga layin baya zuwa raga mita 11.89 ne, daga raga zuwa layin sabis 6.40, tsawon raga a tsakiya santimita 91.4, a gefe wurin sanda mita 1.07. In ka ja miƙaƙƙen layi daga layin sabis ya shafi saman raga ya zo layin baya, a kusan mita 2.6 yake isowa. Alamar allin da na yi a bango da kyar ta kai nan. Wato ni in na doke ta filat da iya ƙarfina, ƙofar da zan bi ƙanƙanuwa ce, nauyin ƙwallon da ke jawo ta ƙasa ne kawai yake ɗan ceto na, kuma duk lokacin da na bar tos ya sauko ko da tafin hannu ɗaya ne ƙofar ta ƙara tsukewa. Isner ya haura mita biyu, shi daga bene yake bugowa. Na haƙura da shi daga yau.

Asabar, 26 ga Oktoba

Abu biyu. Na farko bayana yana ciwo, ƙasan baya ta hagu, kuma na san kik ne. Na kalli bidiyo na ga ina kai ƙwallon baya da yawa, wajen ƙarfe 10 ma, sai in karya ƙugu don in same ta. In ka kalli Stefan Edberg za ka ce shi ma bayan yake karyawa, amma ka duba gwiwoyinsa, su suke tafiya gaba, ƙugu ya biyo su. Ni gwiwa a miƙe, baya kaɗai ke ɗaukar kaya. Na ajiye kik na sati ɗaya.

Na biyu ya fi ciwon bayan ciwo. Abokin wasana ya yi ta mayar min da sabis kamar ya san inda za ta, na yi silais ya riga ya tsaya a gefe yana jira, na yi filat tsakiya yana nan. Da muka zauna shan ruwa na ce malam wai duba kake yi ne? Ya fashe da dariya ya ce "kai da kanka kake faɗa min ai, in ƙwallon ta yi dama na san gefe ne, in ta yi saman kanka in ja baya, sai ka ce allon sanarwa."

Nan na tuna labarin da Andre Agassi ya bayar a kan Boris Becker. Becker ya ci shi a wasanninsu uku na farko, sai Agassi ya zauna yana ta kallon kaset har ya gano cewa dab da zai cilla ƙwallo Becker yana fito da harshe, in harshen yana tsakiya sabis tsakiya za shi, in ya karkata gefe to gefe ne. Kuma bai riƙa amfani da abun a kowane maki ba don kar a gano shi, sai inda ya matsu. A wasa 11 da suka biyo baya ya ci 10. To in harshe ya tona asirin Becker, ni da nake matsar da ƙwallo rabin mita ina zan ɓuya?

Shi ya sa ake yabon Pete Sampras da Roger Federer, tos ɗaya suke yi, daga wuri ɗaya su aika ta tsakiya ko gefe, bambancin yana can a kusurwar raket da murɗa dantse a ƙiftawar ido ta ƙarshe. Ana ba da labarin cewa Sampras yana yaro kocinsa sai ya bari ya cilla ƙwallon tukuna sannan ya faɗa masa irin sabis ɗin da zai buga. Wannan tirenin ɗin zan gwada.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na gwada, sati biyu. Abokina yana tsaye a baya, in na cilla sai ya ce "gefe" ko "tsakiya". Ranar farko har raket na kusa saki don ruɗewa. Amma filat da silais sun yarda su zauna a tos ɗaya, wajen ƙarfe 1 saura kaɗan, ashe silais ba ya buƙatar duk daman nan da nake ba shi, juya fuskar raket kaɗan ya isa, lanƙwasar ta ɗan ragu amma tana nan.

Kik ya ƙi. Daga ƙarfe 1 ba na iya shiga ƙarƙashin ƙwallon, abun da ke fita wani ruwa-biyu ne, ba tsalle ba lanƙwasa, yana zuwa wa mutum daidai ƙugu kamar kyauta. Na faɗa wa Baba ya ce "to sai me? Sabis na biyu ne, kowa ya san kik za ka yi, su ma manyan da yawa suna matsar da ita. Ya sani ɗin, ya mayar mu gani." Na tsaya a tos biyu kenan, ɗaya na sabis na farko, ɗaya na kik a ƙarfe 12 daidai, ban ƙara komawa 11 ba saboda baya.

Raket a ƙasa: 37 cikin 50. Sai dai na gano tirenin ɗin nan yana da iyaka, a tsaye kake yinsa kamar sanda, sabis na gaske kuwa jiki na motsi, don haka yanzu ina haɗawa da ɗaga hannun dama da lanƙwasa gwiwa, da na yi haka lambar ta faɗo 28.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na shiga wata ƙaramar gasa, an fitar da ni a zagayen farko, 6-4 6-3, kuma ina son in rubuta yanda abun ya faru tun ban fara yi masa kwaskwarima ba. Har 4-4 a set na farko komai lafiya, dabul folt ɗaya tak. Sai na zo sabis, 30-40, maki ɗaya ya rage a ƙwace min gem, na farko ya shiga raga. Na buga ƙwallo a ƙasa sau uku kamar kullum, na ɗaga hannu, sai na ji yatsuna sun ƙi buɗewa, wallahi kamar an shafa musu gam, ta fita a makare ta yi baya. Na cafke. Na sake, ta yi dama. Na cafke. Karo na uku kunya ta hana ni, ga mutane suna kallo, na kai mata duka a inda take, ta sauka bayan layi da kusan mita guda. Daga nan hannun ya koma irin na Satumba, gwiwa a lanƙwashe, wuyan hannu na fizga, dabul folt 8 kafin a tashi.

Da daddare na yi ta tunanin Ana Ivanovic, ta ci gasar Faransa a 2008 ta zama lamba ɗaya a duniya, bayan nan tos ya riƙa guje mata a gaban dubban mutane tana bin sa gefe. Da Aryna Sabalenka da ta yi dabul folt sama da 400 a shekarar 2022, har a wani wasa a Adelaide ta koma bugo sabis ta ƙasa. Abun da ya tsaya min a rai a nata labarin, kowa cewa yake matsalar a kai take, ita kuwa sai ta ɗauko masanin motsin gaɓoɓi aka wargaza sabis ɗin aka sake haɗa shi, Janairun 2023 ta ɗauki kofin Ostireliya. Tsoro dai yana nan, amma inda dama akwai tsaga nan yake shiga. Tawa tsagar na san ta, in na tsorata hannun hagu sauri yake yi, da ya yi sauri kuwa sai tsohon hali ya dawo.

Na so in bugo ta ƙasa a wani maki, doka ta yarda, Michael Chang ya yi wa Ivan Lendl a Faris a 1989 yana ɗan shekara 17 ya kuma ci wasan. Ban iya ba, girman kai.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Maganin saurin da na samo: in fitar da numfashi tukuna, sannan in ƙirga a zuci "ɗaya, biyu" hannun na tashi, a biyu nake saki. Sai kuma tirenin mai hukunci, don tos 50 a gindin bango ba ya sa zuciya bugawa. Muna buga gem da sabis ɗaya tak, in ka yi folt maki ya tafi, kuma an ba ni izinin cafkewa sau ɗaya kawai a maki.

Na taɓa ƙafafu ma. Da ina jawo ƙafar baya ta haɗu da ta gaba kafin in tashi, irin na Serena Williams, amma a bidiyo na ga ina fara jawo ta ƙwallon tana hannuna, jiki ya karkata gaba, tos ya bi shi. Na koma barin ƙafafun a inda suke irin na Federer. Gudun sabis ya ɗan ragu inaga, amma nauyina yana zaune a ƙafar baya har sai ƙwallon ta bar hannu. Baba ya ce a da can, kafin farkon shekarun 1960, doka ma ba ta yarda ka yi tsalle ba, dole ƙafa ɗaya na ƙasa, kuma an yi sabis a haka, don haka in daina kukan gudu.

Asabar, 14 ga Disamba

Wa'adin da na ɗiba ya cika. Wasanni huɗu na ƙarshe, set biyu-biyu, dabul folt: 4, 3, 6, 2. Shidan nan ranar iska ce kuma ban yi barci sosai ba. Cafkewa ta sauko sau uku ko huɗu a wasa. Raket a ƙasa da cikakken motsi 36 cikin 50, layin makan nan yanzu da kyar yake juyawa. Kik yana shiga kamar 6 cikin 10, amma mai tsallen gaske har kafaɗa bai fi biyu ba a ciki, sauran dai suna shiga ne kawai. Baya ya daina ciwo.

Abokina ya ce yanzu ba ya gane silais da filat daga tos, amma wai in zan buga gefe ina ɗan kallon wurin kafin in fara, ido ya maye gurbin harshen Becker kenan hhh. Zan sa waya a gabana wannan karon in ga ko gaskiya ne ko so yake ya rikita ni.

A 30-40 har yanzu yatsun suna ɗan yin nauyi, ban rabu da wannan ba. Akwai wata gasar a ƙarshen Janairu na sa sunana. Kafin nan gem mai sabis ɗaya sau biyu a sati, kik 30 daga ɓangaren hagu kawai, kuma Baba ya ce ranar Talata in zo da ƙwallo kwando guda zai duba yanda hannun hagun yake saukowa, wai ina sauke shi da wuri kai na binsa ƙasa.